Jatan Lande a Tukunyar Dare: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan jatan lande, ɗan ƙaramin naman ruwan nan mai ɓawo da ake kawo mana a daskare daga bakin teku, irin su Legas da Fatakwal. Yanzu ana samunsa a wasu manyan kantuna da shagunan daskararren kifi a Kaduna, kuma uwargida da dama ta saya ta gwada ta ce kuɗinta sun tafi a banza. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce, ba na shiga gida sai gab da magariba. An ce mini jatan lande ba ya cin lokaci, sai na sayi rabin kilo. Na tafasa shi da albasa da kayan ƙamshi kamar minti 20 yadda nake yi wa nama, sannan na soya. Ya ƙanƙance, ya yi tauri kamar roba, yara suka ture. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Barnawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuskuren yana cikin tafasar nan. Hannunmu ya saba da naman sa da na rago, masu jijiya da sai sun daɗe a wuta suke laushi. Jatan lande ba shi da wannan. Tsokarsa tana nuna cikin minti 2 zuwa 4, daga nan duk daƙiƙar da ya ƙara a wuta matsewa yake yi yana fitar da ruwan jikinsa. Shi ya sa ya ƙanƙance. Babu sulala, babu tafasa kafin suya.

Idonki ne agogo. Ɗanyensa ruwan toka ne, kina iya hango haske ta cikin tsokar. Da ya nuna sai bayansa ya koma ja-ja, tsokar ta yi fari, ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. A nan ake saukewa. Idan kika ga kai da wutsiya sun haɗe ya zama zobe, ya wuce.

Ga abincin da za ki gama kafin a kira isha'i, na mutum 4. Ki juye daskararren rabin kilo a kwano, ki zuba ruwan sanyi ya sha kansa, minti 15 zuwa 20 ya saki. Kada ki yi amfani da ruwan zafi don sauri, zai fara dafa bayan alhali cikin yana ƙanƙara. Yana jiƙe ki ɗora ruwan taliya, ki jajjaga tumatir 4, tattasai 2, attaruhu 2, ki yanka albasa 1, ki daka tafarnuwa ƙwaya 6 da ɗan yatsan citta ɗanya.

Ki cire kan, ki ɓare ɓawon daga wajen ƙafafu, ki tsaga bayan kaɗan da bakin wuƙa. Za ki ga wani baƙin zare, hanjinsa ne, ki zare shi da tsinken sakace. Ba guba ba ne, amma a manya yakan zo da yashi-yashi a baki. Ki ɗauraye, sannan ki shimfiɗa su a kan tsumma mai tsabta ki tsane su sosai. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba suya da dahuwa: jiƙaƙƙen jatan lande yana shiga kasko zai saki ruwa, zafin mai ya faɗi, ya koma yana tafasa cikin ruwan kansa. Ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali na gishiri da ɗan masoro.

Ki sa man gyaɗa babban cokali 2 a faffaɗan kasko, ki bari ya yi zafi har ya fara sheƙi. Ki jera su ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya hau wani. Idan kaskon ƙarami ne ki raba sau biyu. Minti ɗaya da rabi ba tare da motsawa ba, ki juya, minti ɗaya, ki kwashe a faranti. A cikin wannan kaskon ki ƙara mai cokali 1, ki soya albasa, ki sa tafarnuwa da citta na rabin minti kacal don tafarnuwa tana ƙonewa take ɗaci, ki zuba jajjagen da dunƙule 1 ki soya minti 8 har mai ya taso. Ki tsame taliya leda 1 tana da sauran ɗan ƙarfi, ki juye a ciki da ludayi ɗaya na ruwan dahuwarta, ki juya. Ki kashe wuta, sannan ki mayar da jatan landen da ruwan da ya tsatso a farantin, ki matsa rabin lemon tsami. Zafin taliyar ya ishe shi.

Tambaya: Yaya zan gane mai kyau a shago? Ina ganin wasu lambobi a jikin leda, kuma wani ja ne wani ruwan toka. Ga matsalar wuta a unguwarmu. Daga wata amarya a Hayin Banki.

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Lambobin irin su 21/25 ko 31/40 suna nufin adadin ƙwayoyin da ke cikin laba ɗaya, wato giram 454. Ƙaramar lamba, manyan ƙwayoyi. Don suya ki nemi 21/25. Don shinkafa da miya 31/40 ya wadatar, ya fi araha kuma ya fi yaɗuwa a tukunya. Wanda kika gani ja, galibi an riga an dafa shi kafin a daskarar. Shi ɗumamawa kawai yake so, minti ɗaya a ƙarshen girki. Mu dai mun fi son ɗanye mai ɓawo, domin ɓawon yana kare tsokar daga bushewar firiza, kuma romo ne a hannunki.

Ki taɓa ledar. Ƙwayoyin su kasance a warwatse suna motsi. Idan sun dunƙule sun zama curi ɗaya, ko ƙanƙara ta taru a gindin leda, alama ce ya narke an sake daskarar da shi, ki bar musu kayansu. Ki lura kuma da kaurin ƙanƙarar da aka lulluɓe shi da ita, domin da ita ake auna miki. Bayan ya narke ki shinshina. Ɗan ƙarnin ruwa ba komai. Wari mai hawa hanci kamar na fitsari, ko yauƙi a jiki, ko tsoka mai dagargajewa a yatsa, zubarwa ake yi, lemon tsami da yaji ba sa gyara shi.

Batun wuta, firiza cike wadda ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan kwana 2, mai rabin kaya kwana 1. Inda wuta ba ta da tabbas, ki sayi na ci ɗaya ki dafa a ranar. Wanda ya narke a firji kada ya wuce kwana 2 ɗanye.

Tambaya: Mahaifiyata ta ce wannan ƙwaro ne, ba ta yarda halal ne ba. Mene ne gaskiya? Daga wani magidanci a Tudun Wada.

Amsa: Malam, a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, dabbobin ruwa halal ne, ba sai an yanka ba. Hujjar ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Shafi'awa da Hambalawa ma sun halatta shi. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, malamansu suka saɓa a kan ko jatan lande kifi ne. Halaccin abu daban, karɓar zuciya daban. Idan Hajiya tana ƙyanƙyami a sa mata kifi ko kaza, kada a matsa mata.

Tambaya: Maigidana in ba tuwo ba, bai ci abincin dare ba. Ana iya sa shi a miya? Daga wata uwargida a Rigasa.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Hajiya, kuma miyar kuɓewa ɗanya ce ta fi karɓarsa, don ita ma ba ta son daɗewa a wuta. Sirrin yana cikin abin da wasu ke zubarwa, kawuna da ɓawo. Ki wanke su, ki soya a cokali 1 na mai minti 2 har su yi ja, ki zuba ruwa kofi 4 da rabin albasa, su tafasa minti 10 zuwa 15, ki tace. Kada ki wuce haka, ɗanɗanon ya gama fita. Wannan romon ya maye gurbin ruwan nama da kike jira awa guda.

Ki mayar da romon wuta, ki sa manja babban cokali 2, dakakkiyar daddawa ƙwallo 1, jajjagen attaruhu 2 da albasa, gishiri da dunƙule 1, ya tafasa minti 5 ɗanyen warin manja ya fita. Ki zuba kuɓewa kamar ƙwaya 25, rabi gogagge rabi yankakke ƙanana, da ɗigon ruwan kanwa, ɗigo fa, in ta yi yawa miyar za ta yi ɗanɗanon sabulu. Kada ki rufe tukunya. Bayan minti 4 ki zuba jatan lande giram 300, ki rage wuta, minti 3, ki sauke. Kada tumatir ko lemon tsami su shiga wannan miyar, tsami yana kashe yauƙi. Tuwon semo ko na garin masara ki tuƙa shi lokacin da romon ke tafasa, komai ya sauka tare. Idan an yi saura za a ɗumama da safe, ki tsame jatan landen gefe, ki mayar bayan miyar ta yi zafi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, risho ɗaya gare ni da kasko ɗaya. Me zan iya yi da guntun shinkafar jiya? Daga wani mai karatu a Unguwar Rimi.

Amsa: Soyayyar shinkafa, ɗan'uwa, kuma ta jiya ta fi sabuwa domin ta bushe, ba ta caɓewa. Sharaɗi ɗaya: ta kwana a firji. Shinkafar da ta kwana a tukunya cikin zafin ɗaki tana iya haifar da amai da gudawa ko an sake soya ta. Ka soya jatan lande ƙwaya 10 zuwa 12 a cokali 1 na mai, minti 2, ka kwashe. Ka fasa ƙwai 1 ka dagargaza, ka kwashe. Ka ƙara mai, albasa, karas 1 yankakke ƙanana, koren wake in akwai, minti 3. Ka murje shinkafa kofi 2 da hannu kafin ka zuba, ka sa rabin ƙaramin cokali na kori da rabin dunƙule, ka baza ta a kasko ka bar ta rabin minti kafin kowace juyawa. Wutar risho ba ta da ƙarfi, yawan motsawa sanyaya kaskon yake yi. Ta yi zafi har tana turiri, ka mayar da ƙwai da jatan lande, ka watsa lawashi.

Ranar da babu shinkafa, ka shafa musu mai, ka soya, suna sauka ka barbaɗa yajin ƙuli, ka ci da gurasa ko burodi da yankakkiyar albasa. Yajin a ƙarshe ake sa shi, ƙuli yana ƙonewa a kasko.

Tambaya: Ɗanye ya yi tsada. Busasshen kirefish na kasuwa zai iya maye gurbinsa? Daga wata mai karatu a Kawo.

Amsa: A ɗanɗano zai iya, a tsoka ba zai iya ba. Kirefish ɗin da ake aunawa a Kasuwar Barci da Babbar Kasuwa ƙananan jatan lande ne da aka busar, garin Oron a Akwa Ibom ya yi suna wajen kasuwancinsa. Aikinsa irin na daddawa ne. Babban cokali 2 na dakakke ya ishi dafa-dukan gwangwani 4, ko miyar alayyahu, ko faten doya. Ki sheƙe shi a faifai ki tsince, domin yashi da ƙananan duwatsu suna zuwa a ciki, ki ɗan gasa a busasshen kasko minti 2 kafin ki daka. Da damina ki adana a kwalba mai murfi, danshi yana sa shi fumfuna.

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 ya ci, bayan ɗan lokaci leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu yana ƙaiƙayi. Bai nuna ba ne? Daga wata uwa a Malali.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Wannan ba ya kama da matsalar dahuwa, ya fi kama da borin jini, wato jikinsa bai jitu da wani sinadari da ke cikin tsokar jatan lande ba, kuma wuta ba ta kashe wannan sinadarin. Kada ki sake gwada masa ko kaɗan don ki tabbatar, karo na biyu yana iya fin na farko tsanani. Ki cire masa kirefish da ƙaguwa ma, dangi ɗaya ne, kuma ki riƙa tambaya kafin ya ci miyar biki ko abincin sayarwa, don kirefish dakakke ba a ganinsa. Cokali da man da aka soya jatan lande da su kada su taɓa abincinsa. Ki kai shi likita ya duba, ki sanar da makarantarsu. Idan har ya sake faruwa kika ga numfashi yana sarƙewa, ko harshe da maƙogwaro sun kumbura, ko murya ta dushe, ko jiri ya kama shi, kada ki tsaya ba shi manja ko ƙwayar ƙaiƙayi ki jira. Ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take, ki gaya musu abin da ya ci da lokacin da ya ci, allurar adirenalin ake yi wa irin wannan.