Rufin tashar Pointe-Noire

Ka nuna min hoto a wayarka, ka ce, "Maigida, wannan gini coci ne ko gidan gwamna, kuma za mu iya ɗora irin rufinsa a nan Njamena?" Ajiye cokalin simintin ka zo, yaro.

Tashar jirgin ƙasa ce ta Pointe-Noire, a Kongo, bakin teku. Wani Bafaranshe, Jean Philippot, shi ya zana ta, shi ne kuma ya zana tashar Deauville a Normandi ta ƙasar Faransa, shi ya sa suka yi kama kamar wa da ƙani. Dubi hasumiyar agogon nan, dubi yadda rufin ya miƙe tsaye kamar jinkar bukka. Can Normandi ruwa ba ya ɗaukewa, dole rufi ya yi gangara sosai don kada ɗigo ya kwana a kai.

Mu kuwa daminarmu wata huɗu ce, sauran duk rana da ƙura. Kakanninmu soro suka yi, da azara da indararo, ya ishe su. Rufi mai tsini yana da daɗi, ban musa ba, zafi na taruwa can sama ya bar ɗaki da sanyi. Amma lissafa katakon da zai ci, da bandir nawa na kwano. Katakon nan daga kudancin Kamaru yake zuwa, ko dai jirgi ya sauke shi a Ngaundere, inda dogo ya tsaya tun 1974, tirela ta ƙarasa da shi, ko mota ta ɗauko shi tun daga kudun. Sannan iskar farkon damina, in ba ka ɗaure shi da ƙarfe cikin bim ba, a gidan maƙwabci za ka tsince shi.

Akwai abin da hoton bai nuna maka ba. Dogon da ya taso daga Barazabil, babban birnin Kongo, ya ƙare a tashar nan, kilomita ɗari biyar da ɗoriya, an fara shi a 1921, aka gama a 1934. Da aikin tilas aka yi shi. Daga kudancin Chadin nan, wajen Sarh, aka riƙa kwasar 'yan ƙabilar Sara, su fasa dutse a dajin Mayombe. Waɗanda suka mutu a aikin sun kai 17,000, wasu sun ce sun fi. Mu da aka kwashi mutanenmu, har yau ko taku ɗaya na dogo ba mu da shi.

Tashi ka jiƙa bulon can, kwaɓin ya fara bushewa.