Amsar Yaya ga Hajiya kan yaron da ya zaɓi shagon siketbod

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ji muryar da kika ajiye tun daren jiya, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce makarantar su babban ɗanki ta ce kowane ɗalibi ya nemi wurin sanin makamar aiki, 'yan ajinsu wasu sun nufi asibiti, wasu ofishin lauya, shi kuwa ya kafe sai shagon siketbod, allon nan mai taya huɗu da yara ke sulu da shi a bakin titi. Kina tambaya ko ki hana shi. To kin zo gidan, don nawa ya yi bara, nan Bronx ta birnin New York a Amurka, yana da shekara 16. Ki yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ranar da ya zo min da maganar, wallahi raina ya ɓaci. Na ce duk wahalar da muke sha a ƙasar nan, sanyi da aikin dare, ƙarshenta sai ka je ka tsaya sayar da abin wasa? Ya fara kawo min hujja, wai ai an sa wasan a gasar Olamfik tun ta Tokyo da aka yi a 2021, wai wata yarinya 'yar Japan, Momiji Nishiya, ta ci zinare tana da shekara 13. Na ce to Allah ya sanya alheri, ni ba zinare na aike ka nema ba.

Babansu ne ya kashe min baki. Ya ce ke kin manta ni yaron shago ne? Shekara nawa na yi a Kantin Kwari ina ninke atamfa, ina share gaban shago, kafin maigida ya yarda in taɓa aljihun kuɗi? Ya ce atamfar ba ita na koya ba, mutane na koya. Ki bar shi ya je.

Ban dai saki jiki ba, sai da na je shagon da ƙafata. Ke ma abin da zan ce ki fara yi ke nan, kada ki tsaya a waya. Ɗan ƙaramin shago ne, alluna jere a bango kamar an shanya su, takalma gefe guda, ga wani tebur duk ya sha yanka. Mai shagon ya kai shekara hamsin, hannunsa duk zane. Da na gan shi gabana ya faɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da muka zauna, shi ya fara tambayata ƙarfe nawa yaron ke tashi daga makaranta, kuma ina takardarsa ta izinin aiki.

Yauwa, takardar nan, ki riƙe ta da kyau. A jihar New York duk wanda bai kai 18 ba sai da ita zai yi aiki, kuma a ofishin makaranta ake karɓa. Ta 'yan 14 da 15 shuɗiya ce, ta 'yan 16 da 17 masu zuwa makaranta koriya. Ɗan 16 ba ya wuce awa 4 a ranar da gobenta akwai makaranta, a mako kuma awa 28. In bai kai 16 ba, awa 3 ne a ranar makaranta, 18 a mako. Sannan ki tambayi malamar da ke kula da shirin, shin biyansa za a yi ko maki za a ba shi a makaranta? A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Namu maki aka ba shi a zangon karatu, da bazara kuma mai shagon ya ɗauke shi da biya.

To me yake yi a can? Makon farko shara da buɗe kwali da ƙirgen kaya, har ya fara ƙunƙuni. Sai aka fara koya masa haɗa allo. Hajiya, ashe ba a haɗe ake sayen na kirki ba. Allon daban, an yi shi da katako falle bakwai na itacen mapul da aka manne. Ƙarafunan da ke riƙe taya daban, tayoyi daban, sai boris guda takwas, biyu a kowace taya. Da na ji boris sai na yi dariya, na tuna yayyena maza suna bin garejin makanikai suna tsintar boris su haɗa da katako suna gangarawa a layinmu. Abin dai ɗaya ne, nan an sa masa kuɗi.

Wata Asabar na kai masa abinci na tsaya ina kallonsa bai sani ba. Ya ɗauko wata baƙar takarda mai kaushi kamar samfefa, ya ɓare bayanta, ya shimfiɗa a kan allon yana dannawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale. Ya ɗauki magagari ya bi bakin allon yana gogawa har farin layi ya fito, sannan ya sa reza daga ƙasa ya bi layin nan, shuuu, a ja ɗaya. Ya huda ramuka takwas, ya ɗaura noti. Yaron da ko wanke kofinsa sai na yi magana uku! Yatsunsa kuwa duk sun goge, har wayarsa ta daina gane yatsansa.

Ya yi ɓarna kuwa. Akwai babban noti a jikin kowane ƙarfen taya, dole na gaba da na baya su fuskanci juna. Shi ya juya su. In aka yi haka, ka karkata dama allon ya nufi hagu. Mai allon ya dawo da gwiwa a kurje. Mai shagon bai yi masa tsawa ba, bai kuma rufa masa ba. Ya ce fito ka gaya masa kai ka ɗaura, ka ba shi haƙuri, ka gyara a gabansa. Ya dawo gida ranar ko abinci bai ci ba. Tun daga nan ko kujera ya haɗa min sai ya duba sau biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ciniki. Wata mata ta zo da ɗanta ɗan shekara bakwai, ta nuna mafi tsada. Yaron nawa ya tambaye ta ina ɗanta zai riƙa hawa. Ta ce bakin titin gidansu. Ya ce to tayoyin nan masu tauri ne, na filin wasa mai santsi, a titi ƙaramin tsakuwa zai kayar da shi, ki ɗauki masu laushi, ragowar kuɗin ki saya masa hular kwano. Kin ga ya rage wa shago ciniki ke nan, amma mai shagon sai ya dafa kafaɗarsa. Yanzu har lissafin haraji ya iya, shi ya gaya min a birnin nan takalmi ko riga da bai kai dala 110 ba babu haraji a kansa, amma allo akwai. Shekara nawa ina sayayya ban lura ba.

Ba zan ce miki babu abin tsoro ba. Filin da suke haɗuwa bayan an tashi, wanda ke River Avenue kusa da filin wasan Yankee, akwai yaran kirki, akwai kuma masu warin wiwi. Wannan shi ne inda na sa ido, ba shagon ba. Na kafa masa doka, ana rufe shago ya kira ni, magariba ta same shi a gida ko a masallaci. La'asar kuwa a ɗakin ajiyar kaya yake yi, mai shagon da kansa ya matsar da kwalaye ya ba shi wuri. Sai faɗuwa, wannan kam sai haƙuri, ya taɓa targaɗe a wuyan hannu, mako biyu yana ɗaure.

Karatunsa bai ja baya ba, don sharaɗin da muka yi ke nan, maki ya sauka aiki ya tsaya. Yanzu yana cike takardun jami'a, kuma mai shagon ne ya rubuta masa ɗaya daga cikin wasiƙun shaida.

Ki ɗauki hoton takardar da makarantar ta ba shi ki turo min ta gefe in duba miki. In kin sa ranar zuwa shagon kuma ki faɗa min, in ba ni da aiki sai in raka ki. Bari in sauke tukunya, na ji tana kamawa. A gaida Alhaji da yara.