Taf ba ya sakin abin da ya kama

Kai yaro, saƙonka ya same ni bayan Isha'i. Ka ce rodinku, bututun ƙarfen da ake haƙa da shi, ya maƙale a aikin haƙar bohol da na tura ka wajen Kumo, ba ya sama ba ya ƙasa, kana tambaya wane ƙarfe za ka nemo a ciro shi, taf ko obashot. Har da ƙarin cewa ka ga wani a waya ya ciro nasa cikin minti biyar. Na so in ƙyale ka sai da safe, amma taf ɗin nan da ka ambata shi ya hana ni barci.

Tambayar taka ma a karkace take. Rodin da har yanzu yake ɗaure da kan injinka bai zama kifi ba. Sai ya tsinke ko ya kwance ya rage a rami ake kiransa kifi, ake maganar fishin, wato aikin ciro shi. Naka kamu ne kawai, kana riƙe da wutsiyarsa, kuma wanda ke riƙe da igiyar guga ba ya aron ƙugiya. Shekara uku kana bina, a ce wannan ma sai na faɗa maka.

Abin da ya kamata ka fara gaya mini shi ne ko lakar da kuke turawa ta cikin rodi tana dawowa sama. In kun kunna famfo ta ƙi fitowa, allurar geji tana hawa, rami ne ya rufto a kan bit, ƙarfen da ke cin ƙasa a ƙarshen rodi. In tana dawowa lafiya amma rodi ya ƙi juyawa, to ya manne da bango, laka ce ta danne shi a jikin yashi mai shan ruwa. In kuwa tun jiya yake yi muku nauyi a hankali, duk rodin da kuka ƙara sai ya fi na baya tauri, wannan baƙin yumɓu ne irin na Pindiga, wanda in ya sha ruwa yake kumbura ya shaƙe ramin. A wajen da kake shi na fi zargi. In ya kama lokacin da kuke ja sama, ƙasa za ka riƙa buga shi. In lokacin sauka ya kama, sama za ka nema. Ka sa alli a jikin rodin daidai teburin inji don ka san ko yana motsi, kada ka dogara da ido.

Ni ban yi haka ba ranar da ta fi kowace rana muhimmanci, shi ya sa yau nake hayar injin wani.

Wani ɗan kwangila ne ya zo har gidana, da babbar riga da tasbaha a hannu, ya ce an ba shi aikin bohol a wani ƙauye bayan Dukku. Duk wanda ya taɓa haƙa a wannan yanki ya san ba cikin garin Bauchi ba ne, inda kake ratsa 'yar ƙasa kaɗan ka tarar da dutse, ka sa hama da kwamfaresa ka yi ta daka. Can yashi ne, wanda masu safiyo ke kira Kerri-Kerri, ja da fari, sako-sako, ruwa kuma yana can ƙasa da nisa. Ba abin da ke riƙe bangon rami sai lakar da kake zagayawa da ita. Yashin kuma shan laka yake kamar raƙumi. Na lissafa masa buhunan bentonait, garin da ake dama lakar da shi, da tankar ruwa kullum, da dizal. Ya ce duk wannan ya ɗauke mini, shi zai riƙa kawowa da kansa don yana da inda yake samu da sauƙi, ni in zo da inji da yara kawai. Rubutu ba mu yi ba. Hannu muka yi, ya ce tsakanin Musulmi da Musulmi ai ba sai da takarda ba. Na yarda, saboda a lokacin ina ganin neman sa hannu rashin kunya ne.

Kwana shida muna tafiya lafiya. Rodina mai mita huɗu da rabi ne, mun sa guda 40, ka ga mita 180 ke nan, mun fara ganin yashi mai kauri irin wanda ake so. Ranar ta bakwai tankar ruwa ba ta zo ba. Bentonait ya ƙare tun shekaranjiya, muna ta dama jar ƙasar wurin muna ƙarawa, wadda ba ta riƙe komai. Ramin laka yana ta ja baya a gaban idona. Na kira shi ya fi sau goma, kullum mota tana hanya. Da la'asar ya ɗauka, ya ce gobe manya za su zo duba aiki, kada in kuskura in fitar da rodi, don in suka ga ƙarfe zube a ƙasa za su ce ba a yi komai ba, kuɗi ba zai fito ba.

Nan na yi wautar farko. Mai hankali zai zare rodinsa gaba ɗaya, ko aƙalla ya ɗaga shi sama nesa da ƙasan rami. Ni na ɗaga rodi biyu kacal na mayar, na ce bari mu ɗan ƙara kafin magariba. Dizal ya kusa ƙarewa, na kashe famfo, muka tafi salla da cin abinci. Da asuba na kunna, allura ta haura, ko ɗigon laka bai dawo ba. Duk yashin da ke yawo a cikin laka ya zauna a kan bit cikin dare, bango kuma ya biyo shi.

Ɗan kwangila ya iso da hantsi da baƙinsa, ga mutanen gari sun kewaye mu, mata da jarkoki har sun fara layi saboda an ce musu ruwa ya kusa. Ya tsaya a kaina yana cewa wai an gaya masa ni gwani ne. Zuciya ta ɗebe ni. Na ba inji wuta, ina ja ina murɗawa a lokaci ɗaya, abin da nake zagin yara a kai. Sai na ji ƙas, inji ya yi sauƙi. Muka fitar da rodi 12, na ƙarshen ya tsinke a ƙasan mahaɗa. Guda 28 da bit mai kai uku, sabo, wanda ban gama biyan kuɗinsa ba, suna ƙasa.

A nan ne aikin fishin ya fara, a nan kuma na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo don ita ce ta ilimi. Ka'ida ita ce ka fara duba guntun da ya fito, don shi ne madubin wanda ya rage. Sannan ka sauke dalma. Faranti ne na ƙarfe da aka zuba wa dalma a ƙasansa aka goge ta sumul, ka sauke ka danna sau ɗaya tak a kan kifin, ka fito da shi ka karanta tambarin: bakin a buɗe yake ko ya lanƙwashe, a tsakiya yake ko ya jingina da bango. Sau biyu in ka danna ka ɓata rubutun. Yanzu akwai masu kyamara, suna da amfani a rijiyar da ruwanta ya kwanta, amma a cikin laka kyamara makauniya ce. Ni ko dalmar ban sauke ba. Na hau mashin zuwa Gombe na aro taf wajen wani abokin sana'a, na dawo cikin dare.

Taf, ka san shi, dogon ƙarfe ne mai tsini kamar karas, jikinsa duk haƙora. Yana shiga cikin bakin rodin, kana juyawa yana yanka wa kansa hanya har ya cije. Kishiyarsa ita ce wadda muke kira ƙararrawa, ita daga waje take rufe kan rodin ta yanka haƙora. Su biyun halinsu ɗaya, in sun kama ba sa saki. Ga shi an ƙona ƙarfen taf ya yi tauri sosai don ya iya yanka wani ƙarfe, abu mai tauri irin haka kuwa ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Wannan kayan na kifin da yake sake ne, wanda ya faɗa kawai yana jiran a ɗaga shi. Nawa kifin yashi ya binne shi mita da mita. Na haɗa taf da shi, ba mahaɗar tsira a sama, wadda in abu ya ƙi za ka kwance ka tsira da sauran kayanka. Ya kama da kyau, har yara suka yi kabbara. Muka ja, ko gezau. Na so in saki, ba hanya. Kwana biyu muna jijjiga, a na uku taf ya karye a cikin bakin rodin. Ya toshe hanyar da laka za ta bi, kuma ba bit ɗin da zai ci wannan ƙarfe.

Da obashot na sa, da labarin ya canza. Shi kamar hannun riga yake, yana haɗiye kan rodin daga waje, a cikinsa akwai zobe mai haƙora wanda kana ja yana ƙara matsewa. In ka ga kifi ya ƙi, ka buga shi ƙasa, ka juya dama kana ɗagawa a hankali, ya saki. Kuma kana iya tura laka ta cikinsa zuwa kifin. Sharaɗinsa biyu ne, zoben ya dace da kaurin rodin daidai, kuma a sami fili tsakanin rodi da bango. In kan ya jingina, akwai leɓe mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a ƙasa ya kwaso shi tsakiya. Amma ko obashot ba shi ne farkon abin da wannan ramin yake so ba. Wanki yake so. A sami bututu mai faɗin da zai haɗiye rodin, a yi masa haƙora a baki da walda, a sauke shi yana juyawa, laka mai kyau tana kwashe yashin da ke gefe, mita bayan mita. In an wanke wani sashe, a zo da rodi mai haƙoran hagu a kwance kifin gaɓa-gaɓa. Aikin mako biyu ne ko fi, yana cin ruwa da bentonait da dizal, wato duk abin da mutumin nan ya hana ni tun farko.

Da na je masa da wannan lissafi, ya ce shi ruwa ya saya, bai sayi labari ba. Kuɗin somin aiki da ya ba ni ma wai in dawo da shi. Muka je gaban mai gari, aka tambayi takarda, babu. Ya rantse cewa ni na ce zan kawo komai. Bayan wata ɗaya ya kawo wasu da babbar mota, suka matsa taku ashirin daga ramina, ya cika musu tanka biyu kullum saboda su sai da ya sa hannu suka sauke kaya. Suka sami ruwa daidai zurfin da na tsaya. An zo an yanka kirtani, an ɗauki hoto da shi a gaba. Ni na sayar da filina na bayan gari na biya mai bit da mai taf, abin da ya rage bai sayi rodi goma ba, daga nan inji ya fara zama, daga zama sai sayarwa. Mai taf har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Ɗan kwangilar na gan shi bara a wajen ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu yana tambayar ya aiki. Na karɓa saboda idon jama'a. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan zafin ba, don ba ku taɓa sayen rodi da kuɗinku ba. Rodi ya faɗi, ku ce oga zai saya. Ba wanda ke rubuta adadin abin da ya saukar a rami, in na tambayi zurfi sai a fara duban sama. Mu maigidanmu ko sifana ka bari kusa da bakin rami sai ka sha mari, don ƙaramin abu irin wannan, ko haƙorin bit da ya ɓalle, shi ke sa a kwana ana sauke mayen ƙarfe. Su masu haƙar mai a Kolmani, da duk injiniyoyinsu da kuɗinsu, kayan fishin ɗin nan dai su ne, girma ne kawai ya bambanta. Kai kuma waya ta gaya maka minti biyar.

Mashi, wani ƙarfen fishin, ban yi maganarsa ba don ba naka ba ne yanzu, na kesin ƙarfe ne, wato bututun da ake jera wa bangon rami, da manyan bututu, daga ciki yake kamawa. Fishin ɗin samo, wato famfon lantarki na cikin rijiya, in ya faɗa, kuma wani karatu ne, wayar wutar ake fara tsintowa da ƙugiya kaɗan-kaɗan, in ka danna ta ta dunƙule a kan famfon ka gama da rijiyar mutane, kesin roba ba ya ɗaukar ƙarfi. Wannan sai ka dawo.

Yanzu ka tashi yaran. Kada kowa ya taɓa libar ja. A cika ramin laka, a dama bentonait sabo a bar shi ya jiƙa sosai, ba irin damun da kuke yi kamar kunun sadaka ba. Ku kunna famfo a hankali, kada ku tura da ƙarfi ku ƙara cusa abin da ya toshe. In mai aikin ya zo yana maganar sauri, ka ba shi lambata. Ka ƙirga rodin da ke ƙasa, ka duba littafi ka ga a mita nawa kuka fara ganin baƙin yumɓu, in ma kun rubuta. Zan shigo motar farko daga Gombe, in kawo obashot ɗin da dalma ko da ba za a buƙace su ba. Kuma babban sifanan da ka ɗauka a shagona ba ka faɗa ba, in same shi a wurin.