VA ta ƙi amincewa da diyyar rauninka: ga abin yi

Malam, na karanta saƙonka. Ka ce ciwon baya ya kama ka tun kana aikin soja a Amurka, amma hukumar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ta yi watsi da buƙatarka. Magana ba ta ƙare ba.

Fara duba kwanan watan da ke saman wasiƙar hukuncin da VA ta aiko maka, domin daga ranar kana da shekara ɗaya ka nemi a sake duba shi. In ka motsa cikin wa'adin kuma ka yi nasara, za a biya ka kuɗin baya tun daga ranar da ka fara nema. In ka yi sake ya wuce, galibi lissafin zai tashi ne daga sabuwar rana.

Sai ka karanta dalilin da suka bayar da idon basira. Abu uku VA take nema: ciwon da likita ya tabbatar yanzu, abin da ya same ka a bakin aiki, da igiyar da ta ɗaure biyun. Na ukun nan ne yake kayar da mutane da yawa. Abin da wasiƙar ta nuna sun riga sun amince da shi kuwa, ba sai ka sake wahalar tabbatar da shi ba.

Tun 2019 hanyoyin neman a sake duba hukunci uku ne. Idan hujja ce ta yi ƙaranci, cike fom 20-0995 ka haɗa da sabuwar shaida. Ni a naka lamarin nan zan tura ka. Nemi likita ya duba takardun asibitinka na soja, ya rubuta cewa yiwuwar aikin ne ya jawo ciwon ta kai rabi da rabi ko fiye, ya kuma faɗi dalilinsa. Rabi da rabi ya wadatar, don doka ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Rubutacciyar shaidar abokin aiki da ya gan ka kana ɗingishi ita ma tana da nauyi.

Idan kuwa hujjar tana cikin fayil, kuskure suka yi, fom 20-0996 zai kai maganar gaban babban jami'i, amma a nan ba a karɓar sabuwar takarda ko ɗaya. Fom 10182 shi ke kai ka gaban alƙalin kwamitin ɗaukaka ƙara, sai dai akwai jira, musamman in ka nemi zaman sauraro. In can ma aka ƙi, kwana 120 kacal gare ka ka garzaya kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji.

Batun kuɗi kuma, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW kyauta suke taimakawa. In lauya za ka ɗauka, tabbatar VA ta tantance shi; yawanci kashi 20 cikin ɗari na kuɗin bayan da aka biya ka yake karɓa.