Maman 'yan biyu, busasshen koko jiƙo yake so

Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu, Allah ya raya mana su. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce Cerelac da kokon yara sun bushe miki a tayil da hannun kujera har da bango, kin dirza kin gaji sun ƙi fita. Yara huɗu na yaye a nan Gusau, kuma sai da na ɓata kayana da hannuna kafin in gane kan abin.

Koko, kunu, Cerelac, Golden Morn, kastad, duk jirgi ɗaya ya kwaso su: sitaci ne a cikinsu, irin wanda ake sa wa shadda ta tsaya ƙyam. In an dama shi yakan kumbura ya yi danƙo, da ruwan ya fita sai ya ƙame kamar gam. Ai da ragowar tuwo muke liƙe littafi muna firamare. Ga kuma iskar hunturun nan tamu, kafin ki wanke wa yaro baki ki goya shi, wanda ya ɗiga ya riga ya bushe. To abin da ruwa ya fita daga jikinsa ya taurare, ruwan za ki mayar masa.

Ki samu tsumma mai kauri, ki tsoma a ruwan ɗumi da ɗan omo, ki shimfiɗa a wurin. Sai ki rufe tsumman da leda, in ba haka ba iska za ta busar da shi kafin ya yi aiki. Ki je ki yi wani abin na minti 10 zuwa 15. In kin dawo ki sa tsohon katin ATM ko cokalin roba ki ture, za ki ga yana tashi kamar ɓawon ƙanzo. Wanda ya kwana biyu sai kin maimaita. Tsakanin layin tayil kuma tsohon burushin goge baki.

Kar ki kusanci wuƙa ko soson ƙarfe. A kan ɗana na fari na sa wuƙa na kankare teburin tsakar falo na kayan ɗakina, kokon ya fita, fentin ma ya bi shi. Har yau zanen na nan, ƙyalle nake rufawa in za a yi baƙi. Teburin irin na garin katakon nan da ake matsewa kuma kar ki bar ruwa ya kwanta a bakinsa, kumbura yake yi kuma ba ya komawa. Ki matse tsumman sosai.

Kujerar yadi da katifa da kafet su ne masu wahala, a nan na fi shan wuya. Cerelac akwai madara a ciki, kunun gyaɗa kuma akwai mai. In kika zuba wa madara ruwan zafi a jikin yadi dafa ta kika yi, sai ta ƙara kama zare, bayan kwana biyu ɗaki ya ɗauki ƙarni ki rasa daga ina yake. Ki fara da busasshen burushi ki karkaɗe abin da zai farfashe, sannan ruwan sanyi da kumfar omo, ki riƙa dannawa kina ɗagawa. Kar ki cuɗa, faɗaɗa tabon za ki yi. Omo mai kyau irin su Ariel yana da sinadarin da ke narkar da sitaci, irinsa ne ma a yawun bakinmu, shi ya sa kokon da yaro ya sha ya rage kike ganin ya tsinke ya zama ruwa. Amma sai kin ba shi lokaci. Bayan nan ki goge da tsumman ruwa zalla, ki fitar rana. Katifa dai kar ki jiƙa ta har cikin soso.

Bango ki fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa. Fentin mai yana jure guga, na ruwa kuwa biyo tsumma yake yi, ki bar fari fat a tsakiyar bango. A irinsa ki manna jiƙaƙƙen tsumma da hannu na ɗan lokaci, ki share a hankali. Tabarma fitar da ita kawai za ki yi, ki kwara ruwa, ki bi saƙar da burushi.

Na ga wata 'yar'uwa ta ce ki haɗa Hypo da ruwan khal. Don Allah kar ki yi. Haɗin nan iska mai guba yake fitarwa, ga yara masu rarrafe hancinsu a ƙasa. Hypo ma cinye miki launin kujera zai yi.

Ni yanzu tsohuwar ledar cin abinci nake shimfiɗawa kafin in ba auta koko, da jiƙaƙƙen tsumma a gefena. Ki leƙa ƙarƙashin kujerun ma, in kin ga kiyashi sun yi layi ki bi su, za su kai ki inda sauran yake.