Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka sami gurbin digiri na biyu a nan Ingila, amma abu biyu sun hana ka barci: ko mai bi zai iya riƙe bangaskiyarsa a ƙasar da ake cewa majami'unta sun zama kufai, da kuma dillalin da ya ce zai zuba maka kuɗi a asusu na ɗan lokaci don ka nuna wajen neman biza.

Ta farkon ba ta da tsawo. Gaskiya ne mutanen nan sun ja baya daga addini. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wels ne suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne. Amma shekarata shida a nan, ba wanda ya taɓa cewa in yi musun Yesu. Ka ce za ka sujada, a gyaɗa kai, a ci gaba da hira.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen takarda da sa hannu, kuma da dillalin nan naka aka fara. Doka ta ce kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusunka, kuma su zama waɗanda za ka iya kashewa. Kuɗin da za a kwashe da zarar an buga biza ba naka ba ne, kai ma ka sani. In aka gano yaudara, za a iya hana ka shigowa har shekara 10. In kuma ba a gano ba, ka sauka ba ka da na haya, alhali ɗalibi awa 20 kawai aka yarje masa ya yi aiki a mako lokacin karatu. Daga nan sai wani ya nuna maka inda ake biya a hannu ba rubutu. Aiki ya cinye lokacin karatu, sai wani ya ba ka lambar mai rubuta wa ɗalibai aikin makaranta, sana'ar da dokar Ingila ta haramta tun 2022. Abin da ya fi ba ni ciwo, ni a ƙofar majami'a aka miƙa mini irin wannan lambar, bayan an tashi sujada. Ɗan'uwan har da dafa kafaɗata: "Allah ya san halin da muke ciki."

Kada ka ɗauka ni gwani ne. Na yi aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi. Akwai wata tsohuwa da ake juyawa duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, a rubuta lokacin a sa hannu. Wani dare mu biyu kacal muka kwana da bene guda, juyin ƙarfe biyu ya wuce mu. Da asuba abokiyar aikina ta turo mini takardar da biro, ta ce in cike gurbin, kowa haka yake yi. Na cike. Ranar Lahadi aka miƙo mini gurasar Jibin Ubangiji, na dubi hannun da zan karɓa da shi, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da abin ya sake faruwa, na bar gurbin fayau, na rubuta dalili a gefe, na kuma gaya wa manaja har da na baya. Ba a yi mini tafi ba. An ja mini kunne a rubuce, abokiyar aikin ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, kwanakin aikina suka ragu, haya ta zame mini jidali.

Shi ya sa nake yawan komawa ga littafin Daniyel sura 3 a Littafi Mai Tsarki. Muna son inda Shadrak, Meshak da Abednego suka fito daga tanderu ko warin hayaƙi babu. Ni aya ta 18 ce ke riƙe ni, inda suka gaya wa Sarki Nebukadnezzar cewa ko da Allah bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunkinsa ba. Ba su san ƙarshen labarin ba lokacin da suka faɗa. Daniyel ma, a sura 1, tun da farin zamansa a Babila ya ƙudurta abin da ba zai taɓa ba.

To, maganar dillali, ka ce masa ka gode. Ka rubuta wa jami'ar ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda. Ka tambaye su kuma ko akwai tallafin karatu ko biyan kuɗin makaranta kashi-kashi. Na san abokanka za su riga ka tafiya, za ka ga hotunansu a Facebook cikin rigunan sanyi, ranka ya sosu. In lokacinka ya yi, ka sanar da ni ranar saukarka, zan zo filin jirgi in ɗauke ka. Ka gaida su Mama.