Katin sauti biyu, Premiere Pro ya yi shiru

Tambaya: Malam, ina tace bidiyon biki a Premiere Pro. Tun da na haɗa Focusrite Scarlett 2i2, katin sauti na waje, da kwamfutata, YouTube na fitar da sauti, Premiere kuwa shiru. In ya fito ma, sai ƙaraf-ƙaraf. Ina mafita? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, katunan sautinka ma za su iya zama uku: Realtek na cikin kwamfuta, Scarlett, da allo in ka jona shi da wayar HDMI. Premiere yana da nasa zaɓin, ba lallai ya bi na Windows ba. Shiga Edit, Preferences, Audio Hardware. A Device Class zaɓi ASIO, hanyar da manhaja ke magana da katin sauti kai tsaye, sannan Focusrite USB ASIO, amma sai ka girka direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, tukuna.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin nan yana iya zama saɓanin awon sauti (sample rate). Sautin bidiyo yawanci 48000 Hz ne, Windows kuwa wataƙila ya ajiye katin a 44100. Danna Windows da R, rubuta mmsys.cpl, buɗe Properties na Scarlett, a Advanced ka mayar da shi 48000, ɓangaren lasifika da na makirfo duka. A tagar mmsys.cpl ɗin ka kashe sautin HDMI. Bai daina ba? A saitin Focusrite, ɗaga Buffer Size, wato yawan sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda, zuwa 512.

Kada ka ɗauki murya da Realtek kana saurare da Scarlett. Kowane kati da agogonsa, a doguwar ɗauka sai murya ta zame wa baki.